Gaskiya ko Jita-jita: Kada a Ƙasar Ƙanƙara

Idan sanyin hunturu ya matsa a Mainika, ba a rasa mai cewa ai mu namu wasa ne, a ƙarshen duniya ƙanƙara ce tun fil azal. Rabin farko gaskiya ne, na biyun jita-jita.

A 1975 masu bincike Mary Dawson da Robert West suka fara tono ƙasusuwan dabbobi a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Cikin abin da aka samu a wurin har da kada da kunkuru, na shekara kusan miliyan 50. Kada kuwa ba ya zama inda ruwa ke daskarewa wata da watanni. A kudu ma haka: a 2017 jirgin ruwan Jamus, Polarstern, ya haƙo laka daga ƙarƙashin teku a gaɓar Antaktika, aka ga saiwoyi da ƙurar furen wani daji mai fadama na shekara miliyan 90.

Wani zai ce ai ƙasar ce ta gusa daga wuri mai zafi. Nahiyoyi suna gusawa, babu musu, amma wancan dajin bai wuce kilomita 900 daga tsakiyar kudancin duniya ba, inda rana ke ɓacewa kusan wata huɗu. Abin da ya riƙe masa ɗumi shi ne iskar kabon: masanan sun ƙiyasta ta haura kashi 1,100 cikin miliyan. Da ta ragu, shekara miliyan 34 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe Antaktika.

Maganar da ta fi yaudara ita ce: tunda an yi zafi babu mota babu janareta, hayaƙinmu ba ruwansa da ɗumamar duniya ta yau. A ganina hujjar kan mai ita take juyawa, domin iskar dai ita ce. A da duwatsu masu aman wuta suka tara ta a hankali. Mu kuma mun ɗaga ta daga 280 zuwa sama da 420 cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai.

Wancan zamanin bai bar mu ba ma. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato a ƙarƙashin teku ya taru, shekara kusan miliyan 60 baya, lokacin da ruwan gishiri ya ratso Sahara.