Itacen Tukuba: Inda Ribar Mai Tsire Take Ƙonewa

Mai tsire zai iya shafe rabin safiya a mahauta yana jujjuya cinyar sa, yana duba kitse, yana ja-in-ja kan farashi. Idan aka zo kan itace kuwa, sai ya aiki yaro da kuɗi, ya ce a zaɓo ɗaurin da ya fi girma. A ganina nan ne ribar da yawansu ke zurarewa ba su sani ba, domin wanda ke gashi ko banda ba harshen wuta yake saye ba. Garwashi yake saye, da hayaƙin da zai zauna a jikin nama.

Babban abin dubawa shi ne ruwa. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa, alhali ba ya ci da kyau sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ka sa ɗanyen gungume a tukuba ka tsaya ka gani: bakinsa yana kumfa, yana tsuwa, farin hayaƙi mai kauri yana tashi yana cin ido. Zafin da ya kamata ya shiga nama ya tafi wajen ƙafar da ruwan, naman kuma ya fito da baƙi da ɗan ɗaci. Busasshe ba ya ɓuya. Bakinsa a tsattsage yake, ɓawonsa na ɓarewa da hannu, kuma idan ka gwara biyu za ka ji ƙara garau. Wanda ka ɗaga ka ji ya yi sakayau fiye da kima, ga gari na zuba daga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga ka cin rabin kuɗinka.

Sai iri. Kirya da marke su ne gaba. Maƙera ba su riƙe gawayin kirya a banza ba: itace ne mai tauri da nauyi, garwashinsa na jimawa yana ba da zafi daidai, abin da balangu ke so ke nan. Kirya ma dangi ce ga wata bishiya mai ƙaya da masu gashin nama a jihar Texas ta Amurka ke ji da ita. Bagaruwa, aduwa da tsamiya suna biye. Gawo kuwa ci yake ya wuce, ɗauri biyu nasa ba lalle su yi aikin ɗaurin marke ɗaya ba, ko da sun fi cika ido. Kuka ba a ma maganarta. Darbejiya ta wadata a garuruwanmu kuma tana da araha, ta dace da murhun tuwo inda tukunya ke rufe, amma masu gashi da yawa na kaffa-kaffa da ita saboda ɗacinta.

Akwai arahar da nake roƙon kowa ya guje mata: ragowar katakon gini, tsofaffin ƙofofi masu fenti, da turakun lantarki. Irin waɗannan sau da yawa an jiƙa su da maganin gara, wani ma da sinadarin arsenik a ciki, kuma duk a hayaƙi da toka yake fita. Ko itace mai kyau, idan ya yi ta turnuƙewa kitse na ɗiga cikin wuta, yana haifar da sinadaran da ke da alaƙa da cutar daji. Shi ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara ma'auninta kan bandar kifi da nama a 2014. Masu banda a Baga da Yawuri wannan magana ta hayaƙi ta shafe su kai tsaye.

Game da ciniki, lokaci ya fi iya baki tasiri. Itace na sauƙi da rani, hanyoyin daji a bushe, manoma sun sami sarari. Da damina ta kankama farashi ya hau, wanda ake samu ma a jiƙe. Mai hali ya haɗa kai da abokan sana'a biyu ko uku su sayi a-kori-kura guda, su biya mai faskare, ya fi sayen ɗauri-ɗauri kullum a bakin titi. A tsaya a ga lodin da ido, domin akan shimfiɗa marke a sama, ƙasa kuwa tarkace. A kuma tambayi daga ina aka saro, don manyan kirya sun yi ƙaranci a dazuzzuka da dama, kuma reshen da aka sassabe yana gashi kamar gindin da aka kayar. Idan itacen ya iso, a jera shi kan duwatsu don gara, a rufe samansa da kwano, a bar gefe a buɗe iska na ratsawa.