Bindiga a Ƙugu, Hannu a Totur

A Amurka akwai masu sha'awar doguwar tafiya a kan manyan babura, irin waɗanda kan yi kwana da kwanaki a hanya domin halartar taron Sturgis a jihar Dakota ta Kudu, wanda aka fara tun 1938. Da yawansu ba sa barin gida sai da ƙaramar bindiga. Hujjarsu ita ce mai babur ba shi da ƙofar da zai kulle ko gilashin da zai ɗaga, kuma in babur ya lalace masa a dokar daji cikin dare, daga shi sai halinsa. Tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Tambayata ita ce ko bindigar tana maganinsa.

Mu fara da doka. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗan ƙasa na da 'yancin fita waje da ƙaramar bindiga don kare kansa. Sai dai kowace jiha da nata tsarin. Fiye da rabin jihohin ba sa neman lasisi, amma Niyok da Niyu Jazi ba sa karɓar lasisin wata jiha ko kaɗan. Gada ɗaya mutum zai haye a kan kogin Delaware zuwa Niyu Jazi, abin da yake halal da safe ya zama babban laifi da hantsi. A 2013 'yan sandan Niyu Jazi sun tsayar da motar Shaneen Allen, wata uwa daga Filadelfiya. Da bakinta ta shaida musu tana da bindiga da lasisin jiharta. Ta yi makonni a tsare, ta kuma fuskanci barazanar ɗaurin shekaru, daga baya a 2015 gwamnan Niyu Jazi na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa.

Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa irin waɗannan jihohi, bisa sharaɗin a cire harsasai, a ajiye bindigar inda hannu ba zai kai gare ta da sauƙi ba. Mai mota sai ya jefa a but ya kulle. Babur ba shi da but, don haka dole a sa ta cikin akwati mai makulli. Nan ne maganar ta sarƙe: bindigar da aka ɗauko don ɓacin rana tana ƙarƙashin kaya, babu harsashi, makulli na aljihu. Kuma rangwamen na mai wucewa ne kawai. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ba ta kare wani matafiyi da ya kwana a otal a Niwak ta jihar Niyu Jazi da bindigarsa cikin jaka ba. Alhali mai babur ya fi kowa buƙatar yada zango, domin iska da rana da girgizar inji suna cin jiki.

Ko a jihar da ta yarda a ɗaura ta a ƙugu, a dubi yadda ake tuƙa babur. Hannun dama ne ke murɗa totur, shi ne kuma ke riƙe birkin gaba. Na hagu yana kan kuloci. Yawancin mutane da dama suke harbi. Kafin mutum ya zare bindiga sai ya saki totur, ya buɗe zif ɗin rigar fata, ya zura yatsa mai kaurin safar hannu wajen kunama, duk idonsa na kan kwalta. Wanda ya ƙware ma da ƙyar zai yi wannan lafiya. Sannan ga faɗuwa. Ƙarfe mai tauri da aka soke a gadon baya, daidai ƙashin tsakiya, shi jiki zai fara dannewa idan mutum ya zube. In kuben bai riƙe da kyau ba, bindigar ta yi tsalle ta faɗa ciyawar gefen titi, mai ita na kwance a sume, kowa na iya tsinta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron ya kauce wa inda haɗarin yake. A 2022 kaɗai sama da mahaya babur 6,000 suka mutu a titunan Amurka, kuma hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar ta nuna cewa a tafiya mai tsawo iri ɗaya, haɗarin mutuwar mai babur ya ninka na wanda ke cikin mota fiye da sau 20. Duk da haka, Dakota ta Kudu, wadda tun 2019 ta yarda a ɗauki bindiga ba lasisi, ba ta tilasta wa wanda ya kai shekara 18 sanya hular kwano. Ina ganin wannan babban kuskure ne. Hular tana aiki ko mai ita ya shirya ko bai shirya ba. Bindiga kuwa sai da natsuwa, natsuwar da ba a cika samu ba lokacin da wani direba ya matse mutum zuciya ta ɗebe shi. A Waco ta jihar Texas, ranar 17 ga Mayu 2015, rikicin ƙungiyoyin masu babura a harabar wani gidan abinci ya ƙare da gawa 9, aka kama mutum 177, kuma zuwa 2019 an janye dukkan tuhume-tuhumen ba a hukunta kowa ba.

A wajenmu zancen daban yake. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa. Kuma tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, har gwamnatocin Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsa a 2021, kamar yadda Nijar ta hana shi a Diffa a 2015, duk wanda aka tare a shinge da makami a kan babur, da wuya a tsaya sauraren cewa kare kansa yake yi.