Hannuwan da Ba a Gani a Kofin Duniya

Ran 18 ga Disamba 1922 ba a san filin wasa na Lusail ba, gama wurin rairayi ne kawai. Shekara 100 bayan haka, ran 18 ga Disamba 2022, duniya duka ta zuba ido a kan wannan fili na ƙasar Katar, inda Ajantina ta ci Faransa ta ɗauki Kofin Duniya. Mu ma mun taru gaban talabijin, manya da yara, muna ihu. Amma mai karatu, ka taɓa tambaya ko wa ya ɗauki yashi da ƙarfen da aka gina filin?

A 2010 aka ba Katar izinin shirya gasar. Ƙasar ƙarama ce, cikin mutum 10 da ke zaune a can wajen 9 baƙi ne. Ana bukatar filayen wasa 8, da hanyoyi, da masaukai, da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a birnin Doha. Domin wannan aka kawo ma'aikata daga Indiya, da Nefal, da Bangaladash, da kuma ƙasashen Afirka kamar Kenya, da Yuganda, da Gana. Waɗansu birkiloli ne, waɗansu kafintoci, waɗansu direbobi, da masu gadi, da masu shara, da kuku.

Da yawa sun fara da bashi tun kafin su hau jirgi. Dokar Katar ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a samo masa aiki, duk da haka dillalai a ƙasashensu sukan karɓa. Mutum ya jinginar da gona, ko ya ranta da ruwa, sa'an nan ya yi watanni yana biyan bashin kafin iyalinsa su ga ko kwabo.

Da suka isa kuma suka tarar da tsarin da ake kira kafala. A wannan tsari ma'aikaci yana ɗaure ga ubangidansa, ba ya iya sake aiki ko barin ƙasar sai da yardarsa. Waɗansu an riƙe musu fasfo, waɗansu albashi ya yi ta makara. Ga kuma zafi, wanda da rani yakan wuce digiri 40. Saboda zafin nan ne aka mai da gasar watannin Nuwamba da Disamba domin 'yan wasa, alhali leburori sun yi shekaru suna aiki a cikinsa.

Mutum nawa suka mutu? A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta buga cewa 'yan ƙasashe 5 na kudancin Asiya fiye da 6,500 sun rasu a Katar tun 2010. Gwamnatin Katar ta ce lissafin ya haɗa da waɗanda ba su da ruwa da aikin gasar. Daga baya shugaban masu shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya ce tsakanin 400 da 500 ne suka mutu a ayyukan da suka shafe ta. Ko wanne aka ɗauka, kowane ɗaya ɗan wani ne, ko mijin wata.

Surutun duniya bai tafi a banza ba. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofis a Doha. A 2020 aka yi dokar da ta ba ma'aikaci damar sake aiki ba da takardar ubangida ba. A 2021 aka fara biyan albashi mafi ƙanƙanta, riyal 1,000 a wata, da 500 na ɗaki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba. An kuma hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Akwai kuwa waɗanda suka komo gida da abin gina ɗaki da biyan kuɗin makarantar yara.

Me ya sa muke tuna wannan yanzu? A Disamba 2024 aka ba Saudiyya gasar 2034, za a sake neman hannuwa masu yawa. Lalle dillalai za su zo ƙofar gidajenmu da zaƙin baki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. In ɗanku ko mijinki ya ce zai tafi, ku zauna tare ku yi lissafi. A ga takardar yarjejeniya, a sami mai karanta ta sarai, a san albashi da sa'o'in aiki. A bincika ko gwamnati ta san dillalin. Kada a sayar da gonar gado don kuɗin biza, kada kuma ya sakar wa kowa fasfonsa.

Sa'ad da muka sake zama kallon ƙwallo, bari mu gaya wa yaranmu cewa kujerar da ɗan kallo ya zauna a kai, wani baƙo ne ya kafa ta, nesa da matarsa da 'ya'yansa.