Lissafin Da Ke Cikin Kwamfuta, Shi Ma A Ware Masa Iri

Kowa ya san yadda karar Wudil ke cika ran Jumma'a, fatake na lodin shanu zuwa Kudu, dillalai na ƙirga la'ada. A dā lissafin duk a littafin akawu yake. Yanzu kuwa waɗansu sun mai da shi cikin kwamfuta a gida, watau abin da ake kira rumbun bayanai: sunan mai dabba, da kuɗin da aka biya, da bashin da ya saura.

To, wannan rumbu shi ma yana da gararsa. Zafi da ƙurar hunturu da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi suna kashe faifan da ke ciki, ga ɓarawo. In faifan ya mutu, wanda ake bi bashi ba shi ne zai zo ya tuna ba.

Manomin kirki ba ya barin irinsa cikin hatsin ci. Haka lissafi. Ran Jumma'a da dare, bayan an gama shigar da cinikin kasuwa, sai a rufe manhajar tukuna, don in aka kwafa tana buɗe akan sami kwafi rabi da rabi. Sa'an nan a kwafe shi a filashi, a sa masa kwanan wata, a zare filashin. Kada sabon kwafi ya hau kan na makon jiya, gama wani lokaci ɓarna takan shiga ba a lura ba, sai tsohon ya yi ceto. Kwafi guda kuma ya kwana a wani gida, ko a intanet. Mutanen bakin kogi da suka ga ambaliyar 2001 sun san ruwa ba ya zaɓen ɗaki.

Amma inda aka fi yin sakaci shi ne gwaji. Mai hankali yakan jiƙa 'yan ƙwayoyi kafin shuka ya ga ko za su tsira. Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko yana da rai ba. Wata-wata a ɗauko shi a buɗe a wata kwamfuta, ko da wani suna dabam, ba bisa na ainihi ba. A duba cinikin ƙarshe yana nan, a haɗa jimlar bashi a ga ta yi daidai da ta wancan makon.