Zagayen Share Fage a Wasan Zamiya Bisa Ƙanƙara

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2009, mutanen birnin Niyok na ƙasar Amurka sun ga abin da ba su saba gani ba. An kafa wata hasumiya mai tsawon bene tara a dandalin East River Park, aka shimfiɗa ƙanƙara a gangarenta, shahararrun 'yan wasa irin su Shaun White suka riƙa sulalowa suna tashi sama. Shayne Pospisil shi ne ya ci wannan gasa, wadda aka kira Red Bull Snowscrapers.

Shi wannan wasa, ɗan wasa yakan ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, sa'an nan ya zame bisa ƙanƙara. An shigar da shi cikin wasannin Olamfik na hunturu a Nagano ta ƙasar Japan a 1998. Da yake masu neman shiga suna da yawa, sai an tace su tukuna, kamar yadda jihohin Nijar suke tace 'yan kokawarsu kafin gasar takobi. Wannan tacewa ita ake kira zagayen share fage.

Hanyar tacewar ta danganta da irin wasan. Akwai wanda ake yi cikin wani dogon kwari na ƙanƙara mai siffar kwararo, inda ɗan wasa yake hawa gefe yana juyi a sama. A nan alƙalai ne suke ba da maki, ɗari shi ne iyaka, bisa la'akari da nisan tashi, da wuyar juyi, da kyawun sauka. A wasannin Olamfik na 2018 da 2022 an ba kowa dama sau biyu, aka ɗauki makinsa mafi yawa, mutum 12 na gaba suka wuce zagayen ƙarshe. A wasan tsere kuwa agogo ne alƙali. A tseren da ake yi bibbiyu tsakanin tutoci, kowa yakan sauko sau biyu, a haɗa lokacinsa, 16 mafiya sauri su shiga karon da wanda aka kayar yake fita.

To, abin lura shi ne, makin share fage ba ya bin ɗan wasa zuwa zagayen ƙarshe. Shafe shi ake yi, kowa ya soma daga farko. Saboda haka masu hikima sukan yi taka-tsantsan a damar farko, su sami makin da zai tsallakar da su, domin wanda ya faɗi sau biyu, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza.

Amma duk da haka zuwa na ɗaya yana da riba, gama shi ne yake saukowa daga ƙarshe, bayan ya ga abin da abokan karawarsa suka yi. Haka ta faru a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018. Shaun White ya zo na ɗaya a share fage da maki 98.50. A zagayen ƙarshe Ayumu Hirano na Japan ya shige gabansa da 95.25. Da White ya tsaya don saukowarsa ta ƙarshe, ya san sarai cewa sai ya yi juyinsa mafi wuya. Ya kuwa yi, ya sami 97.75, ya ɗauki lambar zinariya.

Wani lokaci yanayi yakan ɓata tsarin. A waɗannan wasanni na 2018 iska mai ƙarfi ta sa aka soke share fagen mata a wasan tsallake shingaye, aka tura su duka zagayen ƙarshe, inda da yawa daga cikinsu suka faɗi. Share fage dai ƙofa ce kawai. Kamar yadda Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.