Gaskiya ko Jita-jita: Maganganu Shida Kan Katun ɗin Japan

Tun da manyan wayoyi suka yawaita, wata muhawara ta shiga gidaje da dama. Matashi ya je wurin masu tura finafinai ya cika memori da Naruto ko One Piece, ya kafa ido har dare ya raba. Mahaifi na takaicin ɗansa ya girma bai bar kallon katun ba. Mahaifiya kuwa hankalinta kwance, tunda a ganinta zane ne kawai, ba zai ɓata tarbiyya ba. Wani kuma ya ji an ce tsafi ne tsagwaronsa. Kowa da abin da yake faɗa, amma kaɗan ne suka tsaya suka duba.

Anime shi ne zane mai motsi da ake shiryawa a Japan, akasarinsa mai dogon zango da ake nunawa a talabijin mako-mako. Ga shida daga cikin maganganun da aka fi ji a kansa, mun auna kowace da abin da ya tabbata.

1. "Ai katun ne, na yara ne"

Jita-jita ce, kuma ita ta fi sauran cutarwa. Akwai shirye-shiryen da aka yi don ƙananan yara, irin su Doraemon da Anpanman, amma su wani ɓangare ne kawai. Yawancin anime daga littattafan zane da ake kira manga ake ciro su, kuma mujallun da ke buga su a Japan sun kasu bisa ga masu karatu: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Tashoshin talabijin na Japan ma suna ware wasu shirye-shiryen sai tsakar dare, bayan yara sun yi barci.

A irin wannan lokaci aka nuna Death Note a 2006. Labarin wani haziƙin ɗalibi ne da ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, ya naɗa kansa alƙalin duniya. A Attack on Titan, wanda ya fara a 2013, tun kashi na farko wani ƙaton dodo ya ɗauki uwa ya cinye ta a gaban idon ɗanta. Monster kuwa labarin likita ne ɗan Japan da ke aiki a Jamus, wanda ya ceci ran wani yaro, yaron ya girma ya zama makashi. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ya dace da ɗan shekara bakwai. Uwar da ta miƙa wa yaro waya don ta ga zane ne, tana iya miƙa masa abin da ita kanta ba za ta iya kalla ba.

2. "Na Chana ne, kuma sabon yayi ne"

Duka biyun jita-jita ne. Mun saba jingina duk fim ɗin da ya fito daga gabashin Asiya ga ƙasar Sin, amma anime na Japan ne. Abin da ke da ƙamshin gaskiya shi ne, kamfanonin Japan kan ba da kwangilar wani sashe na zanen ga ma'aikata a Koriya ta Kudu da Sin da Filifin don rage kashe kuɗi.

Batun sabunta kuwa, tun ranar 1 ga Janairu, 1963 Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a talabijin. Don ya iya fitar da kashi ɗaya kowane mako da kuɗi kaɗan, sai ya rage yawan zanen: a maimakon hoto 12 ko 24 a daƙiƙa guda, ya koma 8 ko ƙasa da haka. Shi ya sa har gobe za ka ga jarumi ya tsaya cak, bakinsa kaɗai ke motsi, kyamara na zagaya fuskarsa. Dabarar tsimin kuɗi ce ta zama salo. Sazae-san, labarin wata matar aure da iyalinta, tun 1969 ake nuna shi har yau, kuma shi ke riƙe da kambun katun ɗin talabijin mafi daɗewa a duniya.

Mu ma ba yau muka fara kallonsa ba, sunan ne ba mu sani ba. Voltron da yaran Najeriya suka riƙa rugawa gida don kallo a NTA, asalinsa shirin Japan ne mai suna Beast King GoLion na kamfanin Toei, wanda Amurkawa suka sake wa fasali a 1984. Kyaftin Majid da aka sani a Sudan da Chadi da gidajen da ke kama tashoshin Larabawa shi ne Captain Tsubasa na 1983, wanda masu jin Faransanci suka sani da Olive et Tom. Adnan wa Lina na tashoshin Larabawa kuwa aikin Hayao Miyazaki ne na 1978. Iyaye da yawa da ke faɗa da anime a yau, da shi suka tashi.

3. "Duk faɗa ne da ihu"

Jita-jita ce, ko da yake an san inda ta samo asali. Shirye-shiryen da suka fi yaɗuwa a wajen Japan, wato Dragon Ball Z da Naruto da Bleach da Demon Slayer, duk na gwabzawa ne, don haka wanda su kaɗai ya gani ba a ga laifinsa ba. Amma gonar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Haikyu!! labarin wani gajeren yaro ne da ya nace sai ya yi fice a ƙwallon raga, wasan da dogaye suka mamaye, kuma darasinsa bai wuce juriya da aiki tare ba. Cells at Work! ya mayar da jikin ɗan'adam wani babban birni: jar ƙwayar jini budurwa ce mai jar hula da ke kai kwalayen iska gida-gida, farar ƙwayar jini dakare ne da ke farautar ƙwayoyin cuta, masu tsayar da jini kuma ƙananan yara ne da ke ɗinke rauni da raga. Ɗalibin da ke karanta ilimin halittu zai ƙaru da shi. Silver Spoon, wanda Hiromu Arakawa ta rubuta, ita da ta tashi a gidan makiyaya shanu a tsibirin Hokkaido, labarin ɗan birni ne da ya shiga makarantar koyon noma da kiwo, yana tashi da asuba yana kwasar ƙwai, har ya gane wahalar da ke bayan kowace loma. Ko a cikin na yaƙin ma, zango na biyu na Vinland Saga ya nuna mayaƙin da ya ƙare a bauta, yana sare daji yana noma, har ya yi rantsuwar ba zai ƙara ɗaukar takobi ba.

4. "Yana sa yara farfaɗiya"

Akwai gaskiya a tushen maganar, amma an faɗaɗa ta. Da yammacin 16 ga Disamba, 1997, tashar TV Tokyo ta nuna wani kashi na Pokémon. Ana cikin shirin sai Pikachu, ɗaya daga cikin taurarin shirin, ya tarwatsa wasu makamai masu linzami, allon talabijin ya shiga walƙiya da ja da shuɗi cikin tsananin sauri na 'yan daƙiƙoƙi. A wannan dare an kwashi yara 685 zuwa asibiti, wasu da jiri da amai, wasu da sanƙarewa. An dakatar da shirin wata huɗu, kuma ba a sake nuna wannan kashin ba.

Abin da ya jawo haka saurin walƙiyar haske ne, wanda kan tayar da farfaɗiya ga masu irin wannan lalura, ko a katun ne ko a wasan bidiyo ko a fitilun wurin biki. Bayan aukuwar lamarin, tashoshin Japan sun kafa ƙa'idoji kan yawan walƙiya da amfani da jan launi, suka kuma riƙa rubuta gargaɗi a farkon shiri cewa a kalla a ɗaki mai haske, a kuma ja baya daga allo. Shawarar nan ta fi shafar yaranmu na yau, masu manna waya a fuska cikin duhu. Yaron da aka san yana da farfaɗiya, a nemi shawarar likita kan abin da zai kalla.

5. "Yana cin karo da addini da tarbiyya"

Gaskiya ce ga wasu shirye-shiryen, ƙarya ce ga wasu. Japan ƙasa ce ta addinin Shinto da na Buda, kuma marubutanta daga tatsuniyoyinsu da aƙidunsu suke ɗiba. Don haka za ka ci karo da allolin mutuwa a Death Note da Bleach, da dila mai wutsiya tara a Naruto, da batun sake dawowa duniya bayan mutuwa a shirye-shirye masu yawa. Akwai kuma matsalar tsiraici: wasu shirye-shiryen, har da na samari, kan cusa hotunan mata da ba su da wani amfani ga labarin. Wannan ba abin da za a rufe ido a kai ba ne.

An kuma taɓa samun kurakuran da suka taɓa Musulunci kai tsaye. A 2008 an gano wani wuri a JoJo's Bizarre Adventure inda mugun cikin labarin ke riƙe da littafi mai ɗauke da rubutun Alƙur'ani. Kamfanin Shueisha da masu shirin suka ba da haƙuri, suka dakatar da sayar da shi. A 2019 kamfanin Aniplex ya janye wani faifan kiɗan Demon Slayer saboda an saka sautin kiran salla a ciki, shi ma ya nemi afuwa.

Sai dai wake ɗaya bai kamata ya ɓata gari ba a nan. Tashar Spacetoon, wadda ta fara aiki a 2000, ta shekara da shekaru tana nuna anime da aka fassara da Larabci, ana tace abin da bai dace ba. Kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa gwiwa da Toei suka fitar da The Journey a 2021, kan harin rundunar Abraha a Makka. Zane alƙalami ne, abin da aka rubuta da shi ake yi wa hukunci.

6. "Sai mai lokacin ɓatawa, ba ya ƙarewa"

Rabin gaskiya. Naruto da ci gabansa Shippuden kashi 720 ne, wato fiye da awa 250 na kallo. One Piece, wanda ya fara a 1999, ya haye kashi 1,000 tun Nuwamban 2021. Wani abin da ke ƙara musu tsawo shi ne ciko: idan shirin talabijin ya kusa cim ma littafin da ake ciro shi, sai a ƙirƙiro labaran gefe don marubuci ya samu ya yi nisa. Ana iya tsallake su ba tare da an rasa komai ba.

Amma yawancin shirye-shiryen yanzu kashi 12 ko 13 ne a zango, kowanne kimanin minti 24. Fullmetal Alchemist: Brotherhood ya kammala labarinsa tsaf a kashi 64, Death Note a 37. Ɓata lokacin yana zuwa ne daga rashin tsari, musamman ga ɗalibin da jarrabawa ke gabansa.

Hukunci

Ba a yi wa anime kuɗin goro, ko wajen yabo ko wajen suka. Ga ƙananan yara, Doraemon da Captain Tsubasa sun wadatar. Ga 'yan sakandare, Haikyu!! da Cells at Work! da Silver Spoon. Baligin da ke son labari mai nauyi ya nemi Fullmetal Alchemist: Brotherhood ko Monster ko Vinland Saga, da sanin cewa akwai zubar da jini a cikinsu.

Kira na ga iyaye shi ne, ku tambayi sunan abin da yaranku ke kallo, ku duba adadin shekarun da Netflix ko Crunchyroll suka rubuta a kansa, sannan ku zauna ku kalli kashi biyu na farko tare da su kafin ku amince ko ku hana. Matasa kuma, ku da kuka san sunayen nan kamar tafin hannunku, amanar ƙannenku na wuyanku: kada ku tura wa yaro abin da kuka san ya fi ƙarfin shekarunsa.