Rolar danne ciyawar gida: Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a ƙasar Abuja?

Da zarar ruwan farko ya sauka a Abuja cikin watan Afrilu, masu sayar da furanni da ciyawa da ke jere a bakin manyan tituna sukan shiga kakarsu. A lokacin ne mazauna rukunin gidaje na Gwarinpa, Lokogoma, Kubwa da Lugbe ke waiwayar ɗan filin da ke harabar gida, wanda hunturu da bazara suka bar shi jawur. Wasu su dasa sabuwar ciyawa, wasu su farfaɗo da tsohuwa. A cikin jerin kayan aikin da gadina kan miƙa wa mai gida, ko waɗanda ake tallatawa a shafukan ciniki na intanet, akwai rola: wata ganga ta ƙarfe ko roba mai kauri da ake cikawa da ruwa ko yashi, a yi ta turawa a kan ciyawa domin ƙasa ta kwanta.

Tambayar ko ya dace a saye ta ba ƙarama ba ce ga mai albashi. Tun da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa tsabar kuɗi a 2003, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati na babban birnin tarayya daga 2005, ɗawainiyar kula da gida ta koma wuyan mai zama a ciki. Fenti, famfo, magudanar ruwa da ciyawa duk daga aljihunsa suke fitowa. Haka nan hadimin da aka ɗora wa kula da gidan mai gidansa, shi za a tuhuma in aka kashe kuɗi ciyawa kuma ta ƙone.

Inda al'adar ta samo asali

Danne ciyawa da rola al'ada ce ta ƙasashe masu tsananin sanyi, musamman Ingila. A can, ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare da hunturu, ƙanƙarar ta ɗaga saman ƙasar tare da saiwoyin ciyawa. In sanyi ya wuce ƙanƙara ta narke, sai a tarar fili ya yi tudu da kwari, saiwoyi kuma sun rabu da ƙasar da ke ciyar da su. Rola mara nauyi ce ke mayar da su mazauninsu. Hatta injin yankan ciyawa na farko, wanda Edwin Budding ya ƙera a Ingila a 1830, yana da rolar ƙarfe a bayansa.

Dalili na biyu shi ne wasanni. Ana son filin kurket ya yi tauri domin ƙwallo ta yi tsalle yadda ya kamata, har ma dokokin wasan sun ƙayyade cewa kada a wuce minti 7 ana danne shi kafin a shiga sabon zagaye. Filayen wasan golf da na tanis su ma ana bi da su da rola. Sai dai waɗannan filaye suna da ma'aikata na musamman da ke huda ƙasar, suna zuba mata yashi, suna gyara ɓarnar da dannewar ta haifar.

Babu ɗaya daga cikin dalilan nan biyu da ya shafi harabar gida a Abuja. Duk tsananin sanyin hunturun watan Janairu, ƙasa ba ta daskarewa a nan. Ciyawar gida kuwa ba don tsallen ƙwallo aka dasa ta ba, an dasa ta ne don ta rage ƙura da zafi, ta tsare zaizayar ƙasa, yara kuma su samu wurin wasa.

Darasi daga daɓe

Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin da ke faruwa in aka danne ƙasa mai danshi. Matan da ke taruwa su yi daɓen ɗaki sukan yayyafa ruwa, su yi ta bugun ƙasa da madaɓi har ta haɗe ta zama kamar dutse. Manufar daɓe ita ce kada ruwa ya shiga, kada komai ya tsiro. Rola mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa aikin madaɓi take yi, sai dai a wurin da ake son tsiro.

Masana kimiyyar ƙasa sun nuna cewa kusan rabin ƙasar noma mai kyau ƙananan kafofi ne da iska da ruwa ke zama a ciki. Ta cikinsu saiwa ke numfashi, ta cikinsu take kutsawa ƙasa neman danshi. In aka matse kafofin nan, ruwan sama sai ya kwanta a sama ko ya gangare, saiwa ta tsaya a ɗan taƙi ƙalilan, ciyawa ta zama mai saurin ƙishi. Abin da manomi ke kira fako ke nan.

Ƙasar Abuja ta fi saurin kamuwa da wannan ciwo. A unguwanni da dama jar ƙasa ce mai laka da marmara, wadda ke danƙo da damina, ta ƙame da rani. Birnin na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, wato watanni da dama ƙasar a jiƙe take. Bugu da ƙari, a sababbin rukunin gidaje tifofi da motocin siminti sun riga sun tattake filin tun lokacin gini, kuma sau da yawa 'yar baƙar ƙasa kaɗan aka shimfiɗa a kai aka dasa ciyawa. Irin wannan fili sassautawa yake buƙata, ba ƙarin nauyi ba.

Sakamakon kan fito fili ne daga watan Nuwamba. Ciyawar da saiwarta ba ta yi zurfi ba sai an ba ta ruwa kusan kullum, kuma a gidan da ya dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa, wannan kuɗin wuta ne, ko na man janareta, ko na kurar ruwa. Wanda ya sayi rola don ya ƙawata gida yana iya wayar gari yana biyan kuɗinta sau biyu.

Ba ta daidaita tudu da kwari

Abin da ya fi jan hankalin masu saye shi ne zaton rola za ta miƙar da fili mai gargada. Ba ta yin haka. Nauyinta kan sauka a kan tudun ya matse shi, ta tsallake kwarin ba ta taɓa shi ba. Tudun ya ɗan ragu amma ya yi tauri, ciyawarsa ta soma yin rawaya.

Gargadar fili tana da musabbabi, kuma shi ya kamata a nema. Wani lokaci ɓaraguzan bulo da busasshen siminti ne magina suka binne. Wani lokaci gara ce ke gini a ƙarƙashi, ko gafiya ta haƙa rami, ko ƙasar da aka cike ramin bututu da ita ce ta lotsa bayan damina ɗaya. Babu ɗayansu da rola ke magancewa.

Hanyar da masu kula da filaye ke bi ta fi sauƙi da araha. Ana gauraya yashi da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a zuba a kwarin, a baje da manjagara, kada kaurin ya wuce kimanin santimita 1 a lokaci guda domin kan ciyawar ya riƙa leƙowa. Bayan 'yan makonni a ƙara. In ramin mai zurfi ne, sai a yanka ciyawar da shebur a ɗaga ta da ƙasarta, a cike ƙarƙashin, a mayar da ita. Kiri-kiri, wadda masu lambu ke kira Bahama, da ciyawar kafet da ta Fatakwal duk masu yaɗo ne, don haka da damina sukan rufe wurin da aka gyara cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi. Kwana ɗaya bayan an yi ruwa, a soka doguwar sukundireba a cikin ciyawar. In ta shige ba wahala, ƙasar lafiya take. In ta cije, ƙasar ta riga ta matsu, maganinta kuwa a bi ta da babban cokali mai yatsu na lambu ana huda ramuka, sannan a share yashi da taki su shiga ciki.

Lokacin da take da amfani

Duk da haka rola ba kayan banza ba ce. Tana da ranaku biyu. Na farko, lokacin da aka watsa irin ciyawa, domin iri ya manne da ƙasa kada iska ko ruwa su kwashe shi. Na biyu, lokacin da aka shimfiɗa ciyawar da aka yanko da ƙasarta kamar darduma, domin a kori iskar da ta maƙale a ƙarƙashi, saiwa ta kama. A duka biyun, rola mara nauyi ake so, a bi sau ɗaya, a kan ƙasa mai ɗan danshi. In aka dunƙula ƙasar a hannu ta yi danƙo ko ruwa ya tsattsafo, ba ranar dannewa ba ce.

Lissafin nauyin ba shi da wuya, tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ganga mai faɗin baki santimita 60 da tsawon santimita 90 tana cin kusan lita 250, wato nauyin buhun siminti biyar ban da nauyin ƙarfen. Sulusin wannan ya isa aikin sabuwar ciyawa. A gidan da ke kan gangare, wanda ba baƙon abu ba ne a Abuja mai duwatsu, cikakkiyar rola tana iya ƙwacewa daga hannu, abin da ke da haɗari a inda yara ke wasa.

Sai dai yawancin ciyawar gidajen Abuja ba iri ake watsawa ba, dashe ake yi da hannu, ana soka ƙananan tsirrai a jere. Wannan ba ya buƙatar fiye da a danna gindin kowane dashe da ƙafa. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, bayan an cire gida da ɗakunan baya da wurin ajiye mota, abin da ya rage wa ciyawa kaɗan ne. Faffaɗan katako da mutum zai shimfiɗa ya taka, ya ɗaga ya matsa gaba, ya wadatar.

Saye, haya ko haɗin gwiwa

Kayan aikin da za a yi amfani da shi sau ɗaya a shekaru da yawa bai kamata ya cinye kuɗin da zai sayi manjagara, tiyo, taki da yashi ba, waɗanda su ne ciyawa ke nema kowace shekara. Rola tana cin wuri, ta ƙarfe tana tsatsa in aka bar ta da ruwa, in kuma aka bar bakinta a buɗe ta zama gidan sauro. Ga ma'aikacin da ke zaman haya, ko wanda takardar sauyin wurin aiki za ta iya iske shi kowane lokaci, ƙarin kaya ce ranar tashi.

Wanda zai shimfiɗa sabuwar ciyawa ya fi masa ya sanya dannewar cikin yarjejeniyarsa da mai aikin, shi ya zo da rolarsa ya tafi da abinsa. Ƙungiyar mazauna rukunin gidaje ma tana iya mallakar guda ɗaya a riƙa ara. Masu walda kan ƙera ta daga ganga ko ƙaton bututu, amma kada a yarda a yanka tsohuwar tukunyar gas ko gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, domin tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa.

Sayen rola na da ma'ana ga mai sana'ar dasa ciyawa, ko makaranta da ma'aikata masu filin wasa da ake yawan sabuntawa. Hadimin da aka kawo wa takardar sayen kayan lambu kuwa, kafin ya sa hannu, yana da tambayoyi biyu da zai yi wa gadina: shin sabuwar ciyawa za a shimfiɗa bana, kuma mene ne ya jawo gargadar filin? In ba sabuwar shimfiɗa za a yi ba, kuɗin rolar ya fi amfani a tifar yashi da buhunan taki kafin ruwan Agusta ya kankama.